Tambayoyi da amsoshi kan sabbolum na difol a Btrfs: saita shi, ɗora shi, da komawa baya in abu ya kwaɓe

Kusan duk wanda ya baro ext4 ya koma Btrfs (duka biyun tsare-tsaren ajiye fayiloli ne a kan faifai a Linux) sai wannan batu ya ɗan wahalar da shi, ni ma ya sha min kai a farko, shi ya sa na tattara tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi min a wuri guda. Kafin mu shiga bari mu daidaita kalmomi. Abin da umarni ke kira subvolume ni sabbolum nake ce masa, snapshot kuma hoto, aikin da umarnin mount ke yi shi ne ɗorawa, difol kuwa shi ne abin da inji ke ɗauka da kansa in ba ka ce masa komai ba. A misalan duka na ɗauka fatishin ɗin /dev/sda2 ne, kai sai ka sa naka, don Allah kar ka kwafa ido rufe.

Wai shi sabbolum ɗin nan fatishin ne ko folda ce?

In ka kalle shi da ls folda za ka gani, ana shiga da cd ana fita, ana canza masa suna da mv. Amma a ciki bishiyar fayiloli ce mai zaman kanta, tana da lambarta, ana iya ɗora ta ita kaɗai a wani wuri kamar wani faifai daban, kuma ana iya ɗaukar hotonta cikin ƙiftawar ido. Bambancinsa da fatishin shi ne ba a yanka masa fili, duk sabbolum ɗin da ke kan Btrfs ɗaya daga rumbu ɗaya suke ɗiban wuri, shi ya sa df ke nuna maka girma iri ɗaya ga / da /home in duka a nan suke.

Abin da ya sa hoton ke da sauri haka shi ne yadda Btrfs ke rubutu. Ba ya rubuta sabon bayani a kan tsoho, sai ya nemi wani fili ya rubuta sabon, sannan ya juya alama ta nuna can. To kaga in aka ɗauki hoto babu abin da aka kwafa, an dai samu bishiyoyi biyu da suke nuna bayanai iri ɗaya, sai wanda aka taɓa daga baya ne zai rabu ya ci sabon wuri. Chris Mason ne ya fara aikin Btrfs a 2007 lokacin yana Oracle, shi Btrfs ɗin kuma ya shiga kenel, wato zuciyar Linux, a fitowar 2.6.29 a 2009.

To shi difol ɗin fa, mene ne aikinsa?

Kowane Btrfs da aka ƙirƙira yana zuwa da sabbolum guda na can sama wanda lambarsa 5, kullum 5 ce, ba a goge shi ba a canza masa lamba, kuma duk sauran a ƙarƙashinsa suke. Waɗanda kai za ka ƙirƙira lambobinsu daga 256 suke farawa. In ka rubuta

mount /dev/sda2 /mnt

ba tare da wani ƙarin bayani ba, dole kenel ya zaɓi wanda zai nuna maka daga cikinsu, to wanda zai zaɓa ɗin shi ne difol. A sabon faifai difol shi ne 5. Iyakar aikinsa ke nan fa, amsa ce ga tambaya ɗaya tak, wato wanne zan ɗora in ba a faɗa min ba. Da zarar wani ya buɗe baki ya ambaci suna ko lamba, ko a fstab (fayil ɗin da ke jera abin da za a ɗora in inji ya tashi) ko a layin kenel (umarnin da ake miƙa wa kenel lokacin tashi) ko kai da hannunka, difol ya zama ɗan kallo. Rabin matsalolin da ke ƙasa daga rashin riƙe wannan suke fitowa.

Wani abu kuma, a jikin faifan ake rubuta shi, ba a /etc yake ba. In ka cire faifan ka kai wata kwamfutar zai tafi da difol ɗinsa.

Ya zan san wanne ne difol, kuma wanne nake ciki yanzu?

Tambayoyi biyu ne kuma sau da yawa amsarsu daban. Na farko:

sudo btrfs subvolume get-default /

In ba a taɓa shi ba zai nuna ID 5 da FS_TREE a gefensa. Na biyun kuma:

findmnt /

Wannan zai nuna maka wani abu kamar /dev/sda2[/@], inda @ ɗin sunan sabbolum ɗin ne, kuma a cikin zaɓuɓɓukan za ka ga subvolid=256,subvol=/@. Kar ganin waɗannan biyun ya sa ka zaci an rubuta su a fstab, kenel ne ke nuna su kullum ko ta wace hanya aka ɗora. Don ganin jerin duka sai

sudo btrfs subvolume list /

kowane layi zai ba ka ID, da gen, da top level wato lambar uwar da yake ciki, da path. Shi 5 ɗin kansa ba ya fitowa a jerin, mutane da yawa suna nemansa a nan su rasa.

Ya ake saita shi?

sudo btrfs subvolume set-default 256 /mnt

Lambar ita ce ta sabbolum ɗin da kake so. Hanyar da ke ƙarshe ba ita ake mayarwa difol ba, aikinta kawai ta nuna wa umarnin wane faifai kake nufi, kowace folda da ke kan wannan Btrfs ɗin za ta yi. Nan ne ake yin ɓarna, mutum yana son canza na faifan waje sai ya rubuta / a ƙarshe saboda sabo, in an yi rashin sa'a akwai mai wannan lambar a faifan tsarinsa shi ke nan ya canza na injinsa bai sani ba, tunda umarnin ba ya cewa uffan in ya yi nasara. Sababbin btrfs-progs, wato kunshin da umarnin btrfs ke ciki, suna karɓar hanyar sabbolum ɗin kai tsaye ba lamba:

sudo btrfs subvolume set-default /mnt/@

ni wannan na fi so don ba a cika kuskure da shi ba. Mayar da shi yadda yake tun asali kuwa set-default 5 ne da hanyar.

Ba sai ka sake kunna kwamfuta ba kafin ka gwada. Ƙirƙiri wata folda, ka ɗora /dev/sda2 a kanta ba zaɓin komai, ka duba da findmnt, nan take za ka ga sabon difol ɗin. Abin da aka riga aka ɗora dai yana nan yadda yake, ba ya motsi.

Na yi set-default na sake kunna inji, wallahi babu abin da ya canza. Me na yi ba daidai ba?

Wataƙila babu. Rubuta cat /proc/cmdline ka karanta layin da kyau, ina da yaƙinin za ka ga rootflags=subvol=@ ko rootflags=subvol=root ko mai kama da su. Wato tun kafin a kai ga batun difol an riga an gaya wa kenel sunan wanda zai ɗora. A Ubuntu a da in ka zaɓi Btrfs wajen girkawa, tsarin da aka saba shi ne @ da @home. Fedora da ta mayar da Btrfs zaɓinta na farko a Fedora 33 a shekarar 2020 tana kiran nata root da home. Dukansu da suna suke ɗorawa, difol ɗinsu yana zaune a 5 babu mai tambayarsa.

Kuma ba wani ne ya zauna ya rubuta wannan rootflags ɗin da hannu ba, grub-mkconfig ne, mai haɗa grub.cfg, fayil ɗin saitin GRUB, manhajar da ke tayar da inji, duk lokacin da ya gudana yana duba wane sabbolum ne tushenka, wato /, a wannan lokacin sai ya cusa sunansa a layin. Don haka in ka goge shi daga grub.cfg da hannu, ranar da sabon kenel ya zo aka sake haɗa fayil ɗin zai dawo. A Fedora layukan suna cikin ƙananan fayiloli a /boot/loader/entries, grubby ake gyara su da shi.

Akwai wani abu da nake so ka tsaya ka yi tunani a kansa, shi fstab a ina yake zaune? A /etc, wato a cikin sabbolum ɗin tushe. Ba za a iya karanta shi ba sai an riga an ɗora tushen. Saboda haka gyara layin / a fstab kaɗai ba ya isa ya canza inda inji zai tashi, layin kenel ne ke fara magana. Shi fstab ikonsa ya fi ƙarfi a kan sauran, /home da /var/log da makamantansu. Jerin dai haka yake: abin da aka faɗa a layin kenel ko fstab ko umarnin mount shi ke gaba, difol sai in duk sun yi shiru.

Na canza difol, yanzu in na ɗora faifan sauran sabbolum ɗina duk sun ɓace!

Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, suna nan. Wannan ya taɓa faruwa da ni a kan wani faifan waje da nake ajiye kayan aiki a kai, na yi masa sabbolum uku, na mayar da ɗaya difol don in na jona shi in faɗa kai tsaye cikin wanda na fi amfani da shi, sai na manta na yi hakan. Bayan wasu watanni na jona shi ina neman tsofaffin hotunan tsarin da na tura can, na buɗe na ga foldoji huɗu kacal, gabana ya faɗi, na yi ls -la ya fi sau biyar kamar zai canza amsa. Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne btrfs filesystem usage, ya nuna faifan cike yake kamar da, abin da nake gani kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Na yi subvolume list, ga su nan reras, sunayensu duka.

Dalilin shi ne in ka ɗora sabbolum, shi ne ya zama rufin ɗakinka, ba ka iya hawa sama da shi da cd .., 'yan'uwansa da ke gefe kuma ta sama ake bi a kai gare su. Ƙofar da kullum take buɗe ita ce:

sudo mount -o subvolid=5 /dev/sda2 /mnt

Ko subvol=/ ma ya yi, abu ɗaya ne. Wannan layin ka haddace shi ko ka rubuta a takarda, ko difol ya koma ina, ko inji ya ƙi tashi ka shigo da filashin Linux, shi ne zai nuna maka komai.

A fstab wanne ya fi, subvol= ko subvolid=?

Suna. Ni dai ban ga dalilin sa lamba a fstab ba sai ga 5 ɗin can. Ga misalin layi mai kyau:

UUID=lambar-faifanka /home btrfs subvol=@home,noatime 0 0

UUID ɗin ita ce lambar shaidar faifan.

Dalilina shi ne ranar komawa baya. In ka maye gurbin @ da wani hoto, sabon zai karɓi sunan @ amma lambarsa daban ce, lamba ba ta bin suna. In fstab da lamba yake aiki zai ci gaba da ɗora tsohon da ka ture gefe, kai kana ganin ka gyara alhali kana cikin wanda ya lalace. In kuma duka biyun aka rubuta a layi ɗaya, doka ita ce dole su nuna abu ɗaya, in sun saɓa ɗorawar ta faɗi gaba ɗaya. Wasu kayan da ke haɗa fstab da kansu suna kwaso zaɓuɓɓukan ne daga abin da kenel ke nunawa, shi ya sa za ka tarar da biyun tare ba kai ka sa ba. Buɗe naka ka duba, in ka ga subvolid= kusa da subvol= cire lambar ka bar sunan.

Hanyar da ke bayan subvol= kullum daga 5 ake ƙirga ta, ko da difol ya koma wani wuri. Kuma sifilin ƙarshen layin daidai ne, Btrfs ba ya buƙatar fsck, wato binciken lafiyar faifai, lokacin tashi.

Shi GRUB yana bin difol?

GRUB na asali ba ya bi, hanyoyinsa daga can sama yake ƙirga su, shi ya sa in /boot ɗinka yana cikin @ za ka ga layi kamar /@/boot/vmlinuz a grub.cfg. To ka ga inda rikici zai iya shigowa, ka cire rootflags ka mayar da wani hoto difol, GRUB ya ɗauko kenel daga tsohon @ shi kuma kenel ya ɗora sabon difol a matsayin tushe, kai daga wani gida jiki daga wani.

openSUSE sun yi wa nasu GRUB ɗin gyara yadda zai ƙirga hanya daga difol, shi ne abin da SUSE_BTRFS_SNAPSHOT_BOOTING ke kunnawa a /etc/default/grub. Sa wannan layin a wani Linux ɗin da GRUB ɗinsa ba shi da gyaran ba zai yi komai ba.

Me ya sa a openSUSE snapper rollback ke aiki lafiya, ni a nawa ya ƙi?

Domin su gaba ɗaya gininsu a kan difol aka ɗora shi. Tun openSUSE 13.2 da SLE (SUSE Linux Enterprise) 12 a 2014 Btrfs ne tushensu, kuma in ka duba sabon inji za ka ga tushen ba @ ba ne kai tsaye, yana can a @/.snapshots/1/snapshot, layin / a fstab ba shi da subvol= ko kaɗan. Snapper manhaja ce ta ɗaukar hoto da komawa baya, in ka ce snapper rollback abu uku yake yi, ya ɗauki hoton halin da kake ciki ya ajiye, ya yi sabon kwafi mai karɓar rubutu daga hoton da ka zaɓa, sannan ya mayar da wannan kwafin difol. Kana sake kunnawa babu wanda ya ambaci suna, sai difol ya yi aikinsa.

A injin da ke ɗorawa da suna kuwa, ko snapper ya yi ukun nan daidai, layin kenel zai sake cewa @ ne, ka koma inda ka fito. Shi kuma Timeshift, wata manhajar mai irin wannan aikin, ta ɗaya hanyar yake bi, sunaye yake juyawa, shi ya sa ya dage sai ya ga @ da @home a ƙarƙashin 5 kai tsaye.

Shawarata a nan, kuma ina faɗinta da gaske don na ga yadda gaurayawa ke cinye wa mutane dare guda: zaɓi hanya ɗaya. Ko injinka na suna ne, ka bar difol a 5 kar ka taɓa shi, ko na difol ne, ka tabbata babu subvol= na tushe a ko'ina kuma abin da ke tayar da injin ya san da haka. Wanda Linux ɗinka ya zo da shi shi ne mafi sauƙin riƙewa.

To in nawa na suna ne, ya zan koma tsohon hoto da hannu?

Ɗora 5 a /mnt kamar yadda na nuna, sannan:

sudo mv /mnt/@ /mnt/@tsoho
sudo btrfs subvolume snapshot /mnt/hotuna/jiya /mnt/@

A wurin /mnt/hotuna/jiya ka sa hanyar hoton da kake son komawa. Sai ka sake kunnawa. Ana iya yin wannan ko inji yana kan aiki a cikin @ ɗin, canza suna ba ya girgiza abin da aka riga aka ɗora, amma duk abin da ka rubuta tsakanin lokacin da sake kunnawa a @tsoho zai zauna. Kar ka yi gaggawar goge @tsoho, bar shi ya kwana biyu har ka tabbata babu abin da ka baro a ciki.

Abu biyu ke cizon mutane a nan. Na ɗaya, hoton yana ɗauke da fstab na ranar da aka ɗauke shi, in ka ƙara faifai ko ka canza wani layi bayan nan to gyaran ya tafi. Na biyu ya fi zafi, in /boot ɗinka a fatishin daban yake, kamar yadda Fedora Workstation ta saba yi da ext4, hoton bai ƙunshi kenel ba. Sai ka tashi da sabon kenel a kan tsohon tushe wanda babu foldar modul, wato direbobin wannan kenel, a /usr/lib/modules ɗinsa, daga nan sai ka ga katin intanet ba ya aiki, ko a kasa ɗora /boot/efi inji ya jefa ka yanayin gaggawa. Maganin shi ne a allon GRUB ka zaɓi tsohon kenel da ya dace da ranar hoton, shi ya sa yana da kyau kullum a bar kenel biyu ko uku a ajiye.

Zan iya mayar da hoton da ba a rubutu a kansa difol kai tsaye?

Zai karɓa, amma in ka tashi a kansa komai da ke son rubutu zai riƙa faɗuwa da Read-only file system. Hoton da aka ɗauka da -r a bar shi yadda yake, ka ɗauki hoton hoton ba tare da -r ba ka yi aiki da wannan. Akwai btrfs property set da ke iya cire kullen, sai dai in hoton yana cikin waɗanda kake turawa wani faifan da umarnin btrfs send da receive, buɗe shi yana lalata jerin turawar da ke dogara da shi, ban ba ka shawara ba.

Ina son goge wani sabbolum ya ce Operation not permitted, alhali da sudo na yi

Duba get-default tukuna. Kenel ba ya yarda a goge wanda yake difol, kuma in ka leƙa dmesg za ka ga ya rubuta dalilin a fili. Mayar da difol wani wuri sannan ka goge. Haka ma wanda ake cikin turawa da send ba ya goguwa sai an gama. In kuma akwai wani sabbolum a cikinsa sai ka fara cire na cikin. Bayan gogewa kar ka yi mamaki in fili bai dawo nan take ba, a bayan fage ake sharewa a hankali, btrfs subvolume sync zai jira har a kammala.

Na sa compress=zstd a layin /home kawai, ko nodatacow a layin /var kawai, me ya sa bai yi yadda nake so ba?

Wannan yana ba mutane haushi kuma na fahimta, tunda fstab ya ba kowane layi wurin zaɓinsa. Amma yawancin zaɓuɓɓukan da na Btrfs ne na kansa, irin su compress mai matse bayanai da nodatacow mai kashe kwafi-kafin-rubutu, na faifan ne gaba ɗaya, kuma na wanda aka fara ɗorawa ne ke aiki, wanda kusan kullum tushe ne. Waɗanda ke iya bambanta daga layi zuwa layi su ne na kowa da kowa irin noatime, nosuid, noexec, ro.

In kana son wani wuri ya bambanta, a jikin foldar ake sawa. chattr +C a kan folda tun tana fanko zai sa sababbin fayilolin da za a ƙirƙira a ciki su daina kwafi-kafin-rubutu, wato salon rubutu a sabon fili da na bayyana a farko, ana yi wa faifan injin kwaikwayo da rumbun bayanai haka, sai dai ka sani duk fayil ɗin da aka yi wa wannan ya rasa lambar tantance lafiyarsa kuma ba a matse shi. Matsewa kuma btrfs property set da compression zstd a kan foldar. Ni abin da nake yi don kar in rikita kaina, zaɓin Btrfs iri ɗaya nake rubutawa a duk layukan faifai ɗaya.

Na buɗe hoto na ga wata folda fanko, alhali a asali cike take

Sabbolum ce a cikin sabbolum. Hoto yana tsayawa a bakin iyakar sabbolum, ba ya shiga na ciki, sai ya bar folda fanko a gurbinsa, in ka yi mata ls -id za ka ga lambar inod, wato lambar da faifai ke gane folda da ita, 2 ce, shi kuwa sabbolum na gaske kullum 256 ne. Da gangan ake amfani da wannan, ana ware /home da /var/log da wurin fayil ɗin swap (wanda inji ke ara wa RAM) don kar komawa baya ta haɗiye takardunka ko bayanan da za su nuna maka abin da ya lalace. Na swap ɗin ma dole ne, ba a iya ɗaukar hoton sabbolum da ke ɗauke da fayil ɗin swap mai aiki.

Inda ya shafi zancenmu shi ne in na cikin a cikin @ suke zaune ba layinsu a fstab, ranar da ka ture @ gefe ko ka mayar da hoto difol za su bi tsohon, sabon tushenka ya tashi da foldoji fanko. Shi ya sa na fi son a jera su duka a ƙarƙashin 5 kafaɗa da kafaɗa, @ da @home da @log, kowanne da layinsa.

In na tura komai sabon faifai da send da receive, difol zai biyo?

A'a. Sabbolum ɗin za su samu sababbin lambobi a can, su iso a kulle ba rubutu, difol ɗin sabon faifan kuma yana 5 har sai ka saita shi da kanka. UUID ma daban ne, fstab da layin kenel duka suna son gyara.

To in haka ne, ni da injina na suna ne, akwai inda difol zai amfane ni?

Akwai, faifan waje. Manajan fayil in ka danna faifai ba ya tambayarka wane sabbolum, ɗorawa yake yi ba zaɓi, wato difol yake ɗauka. Sai ka yi sabbolum biyu a ƙarƙashin 5, ɗaya mai suna kaya ɗaya mai suna hotuna, ka mayar da kaya difol. Duk wanda ya jona faifan kaya kawai zai gani, hotunan suna gefe inda hannu ba ya kai musu da kuskure, in ya goge wani abu kai sai ka ɗora 5 ka ɗauko masa daga hoton jiya da cp --reflink wanda ba ya cin ƙarin fili. Kar dai ka ɗauki wannan a matsayin tsaro, duk mai sudo zai iya ɗora 5, kuma hotunan a kan faifai ɗaya suke da asalin, in faifan ya mutu tare za su tafi, kwafi na gaske sai a wani faifan daban.

Tun bayan abin da ya same ni da nawa faifan, duk wanda na canza wa difol nakan bar ƙaramin fayil a cikin sabbolum ɗin da ke buɗewa, sunansa KARANTA, layi biyu ne a ciki, na farko ya ce wannan faifan yana da wasu sabbolum a sama, na biyu kuma umarnin mount -o subvolid=5 ne da sunan faifan.